Kakar Gini ko Kakar Maki: Wace Hanya Ce Za Ta Fisshi Ƙwallon Kano?

A watan Yulin 2022 Kano Pillars ta faɗi daga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, ita ce ta wayi gari a cikin 'yan dagaji. Shekara guda ta yi a can ta dawo a 2023. Tun daga ranar da ta faɗi ake ja-in-ja a kan tambaya ɗaya, a gidajen kallo da teburan masu shayi, daga Ƙofar Mata har zuwa nan Ɗanbatta: ƙungiyar da ta durƙusa, a rushe ta ne a sake ginawa da yara, a jure kaka ɗaya ko biyu ta shan kashi, ko kuwa a zuba kuɗi a kawo gogaggu su riƙe ta a yau, gobe kuma Allah na nan?

Mu mutanen Ɗanbatta tambayar ta ƙara matsowa kusa da mu. Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024, a filin wasan garin nan ta yi wasanninta na gida a gasar 'yan dagaji ta NNL, kuma daga nan ta hau babbar gasa a 2025, tare da Warri Wolves da Wikki Tourists da Kun Khalifat. Da haka a 2025 jihar Kano ta samu ƙungiya biyu a sama, tsohuwa mai tarihi da sabuwa mai tashe, kuma duk biyun wannan tambaya na jiransu.

Masu cewa a yi haƙuri a yi gini, hujjarsu mafi ƙarfi daga Amurka ta fito, daga ƙwallon nan tasu da ake rungumewa da hannu a yi ta gudu, wadda babbar gasarta ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32. A can abu ne sananne ƙungiya ta fito fili ta ce bana kakar gini ce. Sai ta sayar da manyan 'yan wasanta, ta rage kashe kuɗi, ta cika fili da matasa, magoya baya kuma su san cewa ba kofi aka fito nema ba. Dallas Cowboys ta yi haka a 1989. Wasa 1 tak ta ci a cikin 16, kuma a tsakiyar kakar ta miƙa fitaccen ɗan wasanta Herschel Walker ga Minnesota Vikings, ta karɓi damar zaɓen sabbin 'yan wasa masu yawa a madadinsa. Ba a yi shekara huɗu ba ta ɗauki kofin Super Bowl, ta ƙara, ta kuma ƙara: sau uku tsakanin 1993 da 1996. Detroit Lions ma, wadda a 2008 ta buga wasa 16 ba ta ci ko ɗaya ba, ta sake ɗaukar wannan hanya a 2021. Ta ɗauko sabon mai horarwa, Dan Campbell, ta saki jagoran wasanta Matthew Stafford ya tafi Los Angeles Rams, ta ƙare kakar da nasara 3 kacal. Shekara ta zagayo ta ci 9, a 2023 ta ci 12 har ta kai wasan da daga shi sai na ƙarshe, a 2024 kuma ta ci 15 cikin 17. Masu ƙungiyar ba su kori mai horarwa ba a shekarar da aka sha wuya. Wannan shi ne abin da masu wannan ra'ayi suke so a gani a Kano.

Kuma ba sai an tsallaka teku ba, in ji su. Ga Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun. Ta hau babbar gasa ta faɗo, ta sake hawa ta sake faɗowa. Mai ita, Kunle Soname, bai yi fushi ya watsar ba. Ya gina fili, ya kafa makarantar horar da yara ta Beyond Limits, ya bar masu horarwa su yi aikinsu. Da ta dawo a 2021 ta zo ta uku, sannan ta biyu, ta sake zuwa ta biyu, a 2025 ta ɗauki kofin a hannun Daniel Ogunmodede. Ikenne ba ta kai kusa da birnin Kano yawan jama'a ba. To me zai hana jiha mai ƙananan hukumomi 44, wadda kowane lungu nata akwai yara masu buga ƙwallo ba takalmi, ta yi abin da ƙaramin gari ya yi?

Suna kuma tunatar da mu cewa Pillars ɗin da muke alfahari da ita, da yara ta yi suna. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba lokacin da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sannan CSKA Moscow da Leicester City. Sani Kaita daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam. Da a lokacin an ce sai gogaggu kawai, da waɗannan a benci za su tsufa. Ƙungiyar da ke rainon 'yan wasanta tana samun abu biyu: 'yan wasan da suka san juna, da kuma kuɗin sayar da su idan sun nuna. Wadda kuwa take sayen tsofaffin hannu kowace kaka, tana biyan kuɗin sa hannu ne ga mutumin da zai tafi bayan wata goma, ba ta da abin sayarwa, ba ta da abin gado.

Duk wannan magana ce mai nauyi, kuma zuciyata ta fi karkata gare ta. Sai dai ɗaya ɓangaren ba surutun banza suke yi ba, kuma a kan batun Amurka sun fi gaskiya.

Abin da ya sa ƙungiyar NFL take iya zubar da kaka guda ba tare da fargaba ba, tsarin gasar ne ya ba ta kariya ta kowace fuska. Na farko, babu faɗuwa. Ko ba ta ci wasa ko ɗaya ba, baɗi tana nan cikin 32 ɗin. Na biyu, tun 1936 suke da tsarin zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara ɗaukar wanda ya fi kowa. Wato shan kashi kansa yana da lada. Na uku, kuɗin talabijin daidai ake raba shi tsakanin ta ɗaya da ta ƙarshe, kuma tun 1994 aka sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. Wanne daga cikin ukun nan muke da shi? Gasarmu ƙungiya 20 ce, wasa 38, huɗun ƙasa kuma su faɗi. Ɗaya cikin biyar ke nan. Wanda ya zo na ƙarshe ba a ba shi yaro mafi hazaƙa a ƙasa, gwanayensa ma ake kwashewa. Idan mai horarwa ya cika fili da 'yan shekara 18 ya tafi Aba ko Fatakwal ko Inugu, inda baƙo bai cika dawowa da maki ba, to kafin yaran su goge ƙungiyar ta riga ta nutse.

Nutsewa kuwa ba hutu ba ce. Heartland ta Owerri, wadda ta fitar da Pillars a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗi a 2022, ta dawo a 2023, ta sake faɗi a 2024, ta samu gurbi ta koma, ta kuma faɗi a 2025. Sporting Lagos ta hau a 2023, kaka ɗaya ta yi ta sauko. Ko a Amurkan ma hanyar ba ta ɓullewa kowa. Cleveland Browns wasa 1 ta ci cikin 32 a 2016 da 2017, ta samu zaɓin farko sau biyu a jere, amma har yau ba ta taɓa buga wasan Super Bowl ba. Ana yawan ambaton waɗanda haƙurinsu ya biya, a manta da waɗanda suka yi shekaru suna cewa gini muke yi, ginin bai kai linta ba.

Akwai kuma batun wanda ya mallaki ƙungiya. Remo Stars ta mutum ɗaya ce, aljihunsa ne, haƙurinsa ne. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce. Gwamnati kuwa wa'adinta shekara huɗu, kuma babu gwamnan da zai so a ce a zamaninsa ne Masu Gida, wato Pillars, suka sake faɗuwa. Shugaban da aka naɗa ya san ba a ba shi shekara biyar ba, mai horarwa ya san wasa biyar ba nasara sun isa a sallame shi. Dubi abin da ya biyo bayan faɗuwar: Evans Ogenyi ne ya dawo da ƙungiyar a 2023, Abdu Maikaba ya karɓa a kakar da ta biyo, sannan Usman Abdallah. Kaka uku, masu horarwa uku. Mutumin da bai san ko zai kai ƙarshen kaka ba, da wane dalili zai sa yaron da sai nan da shekara uku zai nuna? Ba zalunci ba ne idan ya nemi wanda zai ci masa ƙwallo ranar Lahadi mai zuwa.

Hujjarsu ta ƙarshe mutum ce, ba lissafi ba: Rabi'u Ali, wanda duk Kano ke kira Pele. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofuna uku a jere, yana nan aka ɗauki kofin Aiteo a 2019 a Kaduna, lokacin da aka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Da ƙungiyar ta faɗi bai gudu ba, ya bi ta gasar 'yan dagaji ya dawo da ita, ya kuma ci gaba da zura ƙwallo bayan ya haura shekara 40. Da an bi tsarin Dallas, shi za a fara sallama. Wa zai iya tsayawa a filin Sani Abacha ya ce sallamar Pele gini ce? Haka da Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida a 2024, filin ya cika ya batse, a Kano da ma wasannin waje. Yaron da ke atisaye kusa da mutumin da ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, yana koyon abin da babu makarantar da za ta koya masa.

To ina gaskiya take? A ganina ɓangarorin biyu sun yarda da wani abu da bai kamata su yarda da shi ba, wato cewa gini yana nufin a sadaukar da kaka. Wannan fahimtar Amurka ce, ta dace da gasar da ba a faɗuwa. Manomin ƙasar nan tamu ya san wata hanyar. A inda ƙasa take da yalwa, mutum kan bar gona ta zama saura ta huta shekara biyu ko uku, ya koma wata. A ƙasar Ɗanbatta da sauran karkarar Kano, inda gona ke jingine da gona, babu mai wannan sukuni. Gonar da aka noma bara ita za a noma bana, ita ce ta baɗi, don iyali ba za su jira ba. Abin da ke riƙe ta shi ne takin da ake ta kaiwa da rani, mangala bayan mangala, lokacin da babu mai kallo kuma babu abin girbi. Ƙungiyar ƙwallo a Nijeriya irin wannan gonar ce. Dole ta ba da amfani kowace shekara, gyaranta kuma a wajen ranar wasa ake yin sa.

Idan aka kalli abin ta nan, sai a ga cewa mafi yawan abin da ke buƙatar gini a ƙwallon Kano ba ya cin maki ko ɗaya. Ba ɗan wasa kwantiragin shekara uku maimakon ɗaya ba ya sa a faɗi. Biyan albashi da alawus a kan kari ba ya sa a faɗi. Barin mai horarwa ya kammala wa'adinsa, riƙe ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 masu buga gasa ta gaskiya, ajiye likita da mai kula da rauni, duk ba sa rage maki. Abin da suke ci shi ne kuɗi da natsuwa, kuma ba a yi musu tafi.

Akwai kuma wani gini da ba a son a ambata, don ya shafe mu ne mu 'yan kallo. Faɗuwar 2022 ba a ƙafar 'yan wasa kaɗai ta faru ba. Ƙungiyar ta daɗe tana wasan gida a Kaduna, tun da aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona a 2020. Ranar da ta dawo gida a Afrilun 2022 don karawa da Katsina United, wasan bai ƙare ba, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tara, ta cire maki, ta kuma kore ta zuwa Abuja. A watan Yuni aka sake hukunci saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. Wanda ya yi zaton an ɗauki darasi, sai ga Oktoban 2025: bayan canjaras da Shooting Stars 'yan kallo suka afka fili, aka sake cire maki 3, aka mai da wasannin gida Katsina. Wannan ƙungiya ce da ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gidanta a gasar ba, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin. Gidan da ya kasance ƙarfinta, mu da hannunmu muke rufe mata shi. Ko yara aka sa ko gogaggu, babu tsarin da zai tsira idan kowace 'yan shekaru sai an yi gudun hijira an kuma biya tara. Ina ƙaunar wannan ƙungiya, shi ya sa abin yake yi mini ciwo. Mai jifa da dutse ba masoyi ba ne, ko da rigar Pillars ce a jikinsa.

A nan ne Ɗanbatta take da abin cewa. Kakar da Barau FC ta yi a garin nan ta nuna cewa ƙwallon gasa tana iya rayuwa a wajen birni. Mutane sun zo daga Makoɗa da Kunci da Kazaure, yaran da ba su taɓa ganin wasan gasar ƙasa ido da ido ba sun gani a ƙofar gidansu. Da ƙungiyar ta hau, sai ta ɗauko Ladan Bosso, gogaggen mai horarwa, ta kuma buɗe kakarta da Enyimba a filin Sani Abacha. Ban ga laifinta ba. Sabuwar hawa ba ta da wani buri da ya wuce ta tsira a shekarar farko, kuma babbar gasa tana da sharuɗɗan fili da na tsaro da dole a cika. A wannan gaɓa masu cewa a kawo gogaggu sun yi daidai. Abin tsoron shi ne a ɗauka cewa da an hau, aikin Ɗanbatta ya ƙare. Ƙungiyar da ta dogara da mutum ɗaya, musamman ɗan siyasa, ƙarfinta yana tafiya ne da ƙarfinsa. Abin da zai sa ta daɗe shi ne ta yi saiwa a wani wuri, wurin da mutanensa za su ce tamu ce. Birnin Kano ya riga ya ba Pillars zuciyarsa. Kano ta Arewa kuwa a buɗe take.

Kuma akwai riba ta zahiri a ciki, ba kishin gari kawai ba. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne a ga sunan yaron a rubuce a rajistar ƙungiyar. Ƙananan kulob ɗinmu na unguwa, masu tara kuɗin ƙwallo da riga ta hanyar karo-karo, yawancinsu ba su da wannan rajista. Yaro zai taso a hannun wani malamin makaranta da ya sadaukar da yammacinsa yana horar da shi, wani dillali ya zo ya ɗauke shi, idan Allah ya ɗaga shi babu sisin da zai dawo garin. Kano ce ke karɓar baƙuncin gasar matasa ta kofin Ramat, wadda ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammed, jihohi suna kawo yaransu muna kallo. Ba hazaƙa muka rasa ba. Abin da babu shi ne tsani daga filin makarantar firamare zuwa babbar ƙungiya, mai matakai da kowa ya sani.

Saboda haka hukuncina shi ne: masu cewa a zubar da kaka don gini sun ɗauko maganin da ba na cutarmu ba, kuma duk ƙungiyar da ta gwada shi a gasar da huɗu ke faɗuwa za ta yi nadama. Masu cewa a kawo gogaggu sun yi gaskiya game da ranar wasa, amma sun yi kuskure da suka tsaya a nan, don shekara 10 da 'yan kai ke nan ana bin hanyarsu, kofin gasar bai dawo Kano ba tun 2014. A riƙe ƙashin bayan ƙungiya da manya biyar ko shida waɗanda suka san hanya, a sa yara biyu ko uku na gida a cikinsu kowace kaka, ba don cika benci ba, don su buga. A ba mai horarwa shekara uku a rubuce, a auna shi da maki da kuma yawan yaran da ya fitar.

Naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars a Yulin 2025 dama ce, domin shi kansa ta irin wannan tsani ya hau, kuma ya ga yadda ake yi a Holan da Rasha da Ingila. Kirana ga gwamnatin jiha shi ne ta ba shugabancin ƙungiyar wa'adin da sauyin siyasa ba zai taɓa ba. Kirana ga masu Barau FC kuwa, duk inda babbar ƙungiyar za ta yi wasa, su bar ƙungiyar matasanta a Ɗanbatta, su gyara filin ya cika sharuɗɗan gasar, su kuma taimaka wa ƙananan kulob na Kano ta Arewa su yi wa yaransu rajista tun suna shekara 12. Mu kuma 'yan kallo, a wasa na gaba da alƙali zai busa abin da bai yi mana daɗi ba, mu zauna a kujerunmu.